Ɓeran Keji na Tara

Likita ta shigo da takarda tana murna. Sinadarin da ake kira kolin ya ninka a jinin ɓeran keji na tara, maganin da ta shekara uku tana gwadawa ya ci.

Tsohon da ke kiwon ɓerayen, wanda bai taɓa shiga aji ba amma ya binne sa'anninsa kaf, ya gyara hula.

"Ai dole, 'yata. Gwaiduwar ƙwai ta kawo ni tamanin ba allura. Shi ma ɓeran nan kullum sai na gutsura masa."

"Baba, kolin ɗin ai cikin gwaiduwa yake."

"Kin gani ko? Ba boko, na riga ki ganowa."

Ashe ba maganinta ba ne ya ci. Ta ninke takardar a hankali. Ya miƙa mata rabin ƙwan da yake ci.