Jan Yatsan Baba Moro

Wata ranar Talata, ana tafka ruwa a unguwar Nima, Gafaru ya shigo gidan Baba Moro jiƙe sharkaf.

"Baba, banki sun hana ni bashin. Cinikin gidanka ya mutu."

Baba Moro kuwa ya riga ya cika baki a masallaci cewa ya sayar.

"Bai mutu ba, yaro. Shiga a matsayin ɗan haya. Abin da kake ba ni duk wata shi ne biyanka. Ran da ya cika, gida naka."

"To kai fa, Baba, ina za ka zauna? Akwai wata Hajiya Lariba a Maamobi, tana da ɗaki mai kyau."

Haka aka yi. Duk wata Baba Moro zai karɓi kuɗin sidi daga Gafaru, ya lashi yatsa da jan yawun goro ya ƙirga, ya kai wa Hajiya kusan duka, kuɗin ɗaki. In ya ga jan tabo a kuɗin Gafaru sai ya yi dariya: "Kai, duk Nima goro ake ci!"

Ranar biyan ƙarshe Baba Moro ya kawo takardun gida. Ya tarar da Hajiya Lariba a gindin mangwaronsa, tana nuna inda za a sa gadonta.

"Mma, ga Baba," in ji Gafaru.

Baba Moro ya dubi kuɗin hannunsa. Tabon yatsansa ne. Ashe Hajiya uwar Gafaru ce. Abin da yake kai wa uwar, shi ɗan ke dawo masa da shi.

Ya rasa ɗaki shida, mangwaro ɗaya, da shekara tara.