Ranar da Kwamfutar Auta Ta Buɗe Baki

Da tsakar rana Baba ya kwarma ihun da ya sa Mama ta saki ludayi.

"Ta yi tari! Wallahi ta yi tari!"

Tsohuwar kwamfutar Auta yake nufi. Auta 'yarsa ce, makauniya, kuma ta samu aikin amsa saƙonnin masu sayayya daga gida. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mata: zuwa Litinin ta tanadi na'urar da za ta riƙa karanta mata allo da murya, in ba haka ba a ba wani. Tsarin da kwamfutar ta zo da shi ya yi mata nauyi, sai ka kunna ka je ka yi wanka ka dawo tana nan tana nishi. Dole a share shi a zuba wani na kyauta, mara nauyi. Amma kafin muryar ta tashi, sai mai ido ya zauna ya yi danne-danne.

Baba ya ce shi ne mai idon. Tsohon mai gyaran rediyo ne, a ganinsa duk abin da ke magana ɗan gidansu ne. Sai dai yana da hali guda da kowa ya haƙura da shi: ba ya karɓar gyara daga ɗan da ya haifa. Auta ta ce, "Baba, da ka fara da…" Ya ce, "Ni na koya miki riƙe cokali."

Washegari Auta ta ba shi lambar wani a rukuninsu na makafi, ana ce masa Injiniya. Ba ya ɗaukar kira, sai dai rubutu.

Ai kuwa Baba ya yi aboki. Auta ta shige ɗaki da abin sauraro a kunne don kada ta dame shi, shi kuma ya baje a teburin falo, tabarau a ƙarshen hanci. Yakan kwafe abin da allo ya nuna harafi-harafi ya tura, amsa ta iso kafin ya ajiye wayar. "Ranka ya daɗe, hannunka na gwanaye ne. Yanzu rubuta wannan." Kan Baba har ya fi ƙarfin hularsa.

Da wani layi ya ƙi shiga, Injiniya ya rubuto, "Ka danna da ƙarfi, maɓallin nan yana maƙalewa."

"Kin ji masu ilimi ko?" Baba ya ce wa Mama. "Daga nesa ya gane ciwon maɓalli!"

Bayan tarin nan, kwamfutar ta yi wani gwalan-gwalan da ba mai ganewa, sannan ta yi gum. Baba ya ƙure ƙararta, ya lallashe ta, ya kira ta mara kunya. Shiru. Aka wayi gari Lahadi, har la'asar ba ta ce uffan ba. A nan ne tsoro ya kama shi da gaske. In taurin kansa ya jawo wa yarinyar nan asarar aikinta fa, da wane ido zai dube ta?

Injiniya ya turo layi ɗaya tak. Baba ya yi bisimilla ya rubuta.

"Barka da zuwa," in ji kwamfutar, da ƙarar da ta sa kofuna suka amsa.

Baba ya manta da ciwon gwiwa. Ya zagaye tebur yana taka rawa, Mama na guɗa, maƙwabta na leƙowa ta taga. Auta ta fito da gudu tana dariya, ta laluba kujera ta zauna. Yatsunta suka hau aiki, nan da nan ta haɗa kwamfutar da wasiƙunta da duk saƙonnin wayarta, muryar na biye da ita tana karantawa.

"To, wa ya iya?" in ji Baba.

"Kai ne, Baba."

"Ni da bawan Allah nan. Bari in yi masa godiya."

Ya gyara tabarau, ya rubuta, ya tura. Auta ta zabura tana laluben inda ake rage murya, amma ta makara.

Kwamfutar ta sanar wa gidan gaba ɗaya: "Sabon saƙo daga Babana. Injiniya, Allah ya yi maka albarka. Don Allah ka koya wa Autata ko da rabin abin da ka sani."