Jikar Kanta

Madam Hasana ta rubuta "harajin Ingilishi" a allo, ta kakkaɓe alli daga hannunta. Sabuwar malama ce a Madarumfa, kuma darasin yau ba daga littafi ta samo shi ba. Wani dattijo mai fara'a, Malam Arziki, shi ya tsare ta a kasuwa ya ba ta labarin, har ya roƙi ta bar shi ya zo ya saurara. Ga shi nan a bencin baya, tare da wasu masu rawani biyu da ko gaisuwa ba su amsa da kyau ba.

Saboda wata ɗalibarta Zulai, wadda dattijon ya ce jinin jarumin labarin ce, Madam ta yi wannan shiri. Yarinyar duk ta rame tun da aka fara shari'a kan garkar kakarta Kande da ke bakin tabki, wadda ita ce cinsu, ita ce shansu. Madam ta ga ya kamata baiwar Allah ta ɗaga kai ko sau ɗaya.

Ta ba da labarin wani ƙauye a ƙasar Katsina, ɓangaren da mutanen nan ke kira Ingilishi, da ya ƙi biyan harajin Turawa. Aka ƙone musu rumbuna, jaruminsu Kanta ya ja mutanensa suka tsallako iyaka ba ko tabarma, aka ba su masauki a bakin tabkin nan na Madarumfa. Yara sai satar kallon bencin baya suke yi.

"Wa ke da jinin Kanta a nan?" Madam ta dubi Zulai. "Zulai, ba kakan kakarki ba ne? Tashi mana!"

"Madam, kaka ta ce kar in faɗi."

"Kunyar mi? Abin alfahari ne. Faɗi kowa ya ji."

Zulai ta miƙe. "Ni jikar Kanta ce. Daga Ingilishi muka zo."

Madam ta tafa, ita kaɗai. Masu rawani suka dubi juna, suka tashi suka fita ba sallama. Malam Arziki kuwa sai zuba wa Madam godiya yake, har da durƙusawa.

Da aka tashi Madam ta tambayi darakta, shugaban makarantar, ko su wane ne baƙin nan.

"Dattawan fada ne, masu raba gardamar gona. A wurinsu garkar baƙo aro ce, mai ƙasa na iya amsar abinshi. Shaida kawai suka rasa." Ya dube ta. "Wa ya kawo miki su?"

"Malam Arziki."

Darakta ya dafe kai. "Madam, ai shi ne ya kai Kande ƙara."