Minti Uku, Kowace Alhamis

"Lowell daga garin Sandusky, kana kan layi," in ji Renata, mai shirin wasanni na safe a rediyo. "Yau kuma wa za mu kora daga ƙungiyar?"

"Duka," na ce. "Saura mako guda a zaɓi sababbin 'yan wasa, kuna ta zancen mai jefa ƙwallo. Wa zai tsare shi? Ƙattan nan biyar da ke gabansa, ko labule ya fi su tare hanya."

Ta yi dariya. "Tsoho, ka taɓa riƙe ƙwallo kuwa?"

"Na taɓa riƙe littafi. Ki gwada, ba ya cizo."

Tari ya sarƙe ni. Ta ce lokacina ya ƙare.

Na ajiye waya, na ninke jaridar da na yi hadda a cikinta. Shekara talatin ina koyar da tarihi, ban taɓa kallon wasa har ƙarshe ba. Matata Dolores ce mai son ƙwallo, ta rasu bara. Sunana ba Lowell ba ne, ban ma san Sandusky ba.

Tun ranar jana'iza, da bakina ya yi kaifi inda bai kamata ba, wannan ce kaɗai lambar 'yata Renata da ake ɗagawa idan na kira.

Na miƙa hannu zan kashe rediyo.

"Kafin talla," in ji Renata, "Lowell, tarin nan ya kai mako shida. Ka je asibiti." Sannan ta ƙara da cewa, "Da Mama na nan, da tuni ta kai ka."