Cikin Baba Tanimu

Tun da likita ya ba Baba Tanimu 'yar leƙe ya haɗiye, wata na'ura kamar ƙwayar wake mai yawo a hanji tana datse ciwon daji tun yana tsiro, cikinsa ya daina riƙe sirri. Duk abin da ta gani sai ta aika wayar 'yarsa Uwale.

Ran Laraba Uwale ta zo da tuwo.

"A ƙoshe nake, uwata," in ji shi. "Yanzu na ci dambu."

Ta saci kallon wayar. Babu ciwo, amma babu ko loma tun shekaranjiya.

Ta kife wayar, ta wanke hannu.

"To taya ni, Baba. Ba na iya ci ni kaɗai."

Bai taɓa haɗa kwano da 'yarsa ba. Ya matso.