Hanyar da Clifford Ya Zaɓa

Tun sanyi bai fita ba Clifford ya shimfiɗa taswirar hanyoyin ruwa a kan teburin cin abinci, ya danne gefunanta da kwalbar gishiri da ta barkono. Daga ranar, cin abinci a gidan ya koma kan cinya.

Wannan ne hutunsa na farko tun da ya ajiye aikin jarraba masu neman lasin tuƙi. Ya riga ya yanke cewa siririn jirgin ruwa za su yi haya, shi da matarsa Hazel, irin jirgin nan da mai yawo da kare a bakin ruwa yake wuce shi ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Zaɓen hanya kawai ya rage.

"Da mun bi ta Llangollen," in ji Hazel, tana zuba masa shayi. "An ce ƙofofin ruwan da ake sauka a buɗe wa jirgi kaɗan ne a can."

"Can kowa ke zuwa. Layi za mu je bi?"

Shekara talatin da 'yan kai da aurensu, Hazel ba ta taɓa kawo shawarar da Clifford bai gano aibunta ba, daga launin fentin falo har sunan da za a sa wa kyanwa. Shi a wurinsa wannan ba danniya ba ce, gyara ne, kuma kyauta yake yi mata.

Da mako ya zagayo ta ce Oxford. Ya ce hanyar duk kwana-kwana ce. Sai ta ɗora yatsa a kan dogon layin da ya ratsa arewa, daga Leeds zuwa Liverpool.

"To, ko'ina ka ce, maigida, ban da wannan. Ƙofofin sun yi yawa, gwiwata ba za ta ɗauka ba."

Washegari da safe ya buga waya ya kama jirgi a kan wannan hanyar. Ya ce mata motsa jiki ne maganin gwiwa.

Ranar tafiya, da ya ga kayan da ta haɗa, sai da ya riƙe ƙugu. Akwatuna, kwalaye, keken ɗinki, har da tukwanen furanni. Ta ce ɗinkin na zaman yamma ne, furannin kuma in an bar su a gida bushewa za su yi. Ya yi mata dogon bayani a kan faɗin jirgi da nauyin da yake iya ɗauka. Amma tun da ya ci nasara a babbar magana, sai ya bar mata ƙaramar. Da kansa ma ya yi lodin kayan, domin ba ta iya jeri ba.

Suka kama hanya. Shi yana riƙe da sandar tuƙi, sanye da hular da ya saya musamman, ita ke sauka a kowace ƙofa, ta murɗa ƙarfe ruwa ya cika, ta tura katakon ƙofar da bayanta, jirgi ya hau. Yana daga ƙasa yana ƙwala mata yadda ake yi. Ko sau ɗaya ba ta ambaci gwiwa ba. Da yamma takan zauna a goshin jirgin tana ɗan rera waƙa, abin da ya manta rabon da ya ji. Ya ɗauka shaida ce ta cewa zaɓinsa ya yi daidai.

Wata rana da hantsi suka hango hasumiyar cocin wani ƙauye, Thornbeck.

"Mu wuce kawai," in ji Hazel. "Ba kome a garin nan. Mashayarsu ma an ce abincinta ba ya ciyuwa."

"Wa ya ce? Ni ba na aiki da an-ce."

Ya ɗaure jirgi dab da ƙofar ruwan, a gaban wasu 'yan gidaje na dutse. Ta ce kanta na ɗan sarawa, ya je shi kaɗai. Ya tafi.

Kifi da soyayyen dankalin da aka kawo masa a mashayar ba su da laifi. Ya ci, ya ƙara, ya tsaya ya nuna wa mai mashayar yadda ya kamata a sake tsara wurin ajiye motocinsa. Rana ta karkata kafin ya fito, yana ta shirya yadda zai gaya wa Hazel ta sake yin kuskure.

Tun daga nesa ya ga jirgin kamar ya ɗan taso a kan ruwa. Ya sunkuya ya shiga. Babu akwati, babu kwali, babu keken ɗinki. Jakarsa kaɗai ce a kan gado. Ya kira sunanta, shiru.

Ya fito da gudu ya leƙa cikin ramin ƙofar, inda ruwa ke kwance baƙi ƙirin, ya sake kiranta da muryar da shi kansa bai san yana da ita ba.

Wani tsoho da ke zaune a kan benci da sandar kamun kifi ya juyo.

"Lafiya, bawan Allah?"

"Matar da ke cikin jirgin nan. Ka gan ta? An kwashe mana kaya!"

"Hazel? Ba wanda ya kwashe, mu muka taya ta shigar da su," in ji tsohon, ya nuna gidan ƙarshe da haɓarsa. "Tun tsakar sanyi ta kama gidan can, ita kaɗai. Ta ce mana ta sami wani direban jirgi da zai kawo ta da kayanta har bakin ƙofa, mutumin kirki, sai dai dole a gaya masa inda ba a so a je. Ashe kai ne direban?"