Mutumin Ƙarshe a Layi

Tunda kai ma an kira ka intabiyu, ɗan'uwa, ajiye gugar rigar nan ka zauna ka ji wani misali.

Wani saurayi ne mai rubuta manhajar kwamfuta ya je neman aikin injiniya a wani babban kamfani. Bai daɗe da binne mahaifinsa ba, gida ya dawo wuyansa, uwa da ƙanne duk shi suke kallo. Al'adar wurin, ba takardunka ake dubawa ba. Allo ake ba ka da alƙalami, ka yi aiki a tsaye ana kallonka. Wadda ta zauna gwada shi babbar injiniya ce, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwalinta, ba ta da yawan magana. Ta ce ya rubuta mata tsarin da zai riƙa kiran marasa lafiya daga layin asibiti, ɗaya bayan ɗaya, har layi ya ƙare. Ya kama rubutu. Ya cika allo, ya ajiye alƙalami. Ta gyaɗa kai, ta dubi agogo, ta fara rufe kwamfutarta. Da ya ja baya ya ƙare wa aikinsa kallo, sai ya hango kuskure. Lissafinsa ya tsaya saura mutum ɗaya. Kowa za a kira, ban da na ƙarshe. Shi wannan zai yi ta zama, sunansa ba zai taɓa fitowa ba.

Ga ƙofa nan kusa. Zuciya ta ce masa yi shiru, ba ta gani ba, yi sallama ka fita da mutuncinka. In ka tona, wa zai ɗauki mai kuskure? Har ya ɗaga ƙafa. Sai a ransa ya hango mahaifinsa a ƙarshen bencin asibiti, hula a kan gwiwa, yana miƙa wuya duk sanda aka kira suna, har aka rufe taga. Ƙafar ta ƙi tafiya.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "akwai ɓaraka. Na bar mutum ɗaya a kan benci."

Ta ɗago kai ta dube shi, ta ce:

"Tun kana rubutawa na gani, ɗana. Wanda ya fita kafin ka shigo shi ma ya ga nasa kuskuren, sai ya gyara tsayuwa ya tare wurin da kafaɗa, wai ni makauniya ce. Ɗauki alƙalami ka kira bawan Allahn nan, ya gaji da jira."

Ya goge wuri ɗaya ya gyara. Shi aka ɗauka. Domin a irin wannan kamfani, abin da ka rubuta kai kaɗai a tsaye, gobe yana hannun dubban mutane, kuma kuskuren da ka tare da kafaɗa a kan wani zai faɗa, wanda bai san ka ba, bai kuma yi maka komai ba.

Don haka in sun tsayar da kai gaban allo, abin da idonka ya gani bakinka ya faɗa. Hausawa sun riga sun gama magana: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.